Littafin ƙa'idojin sakandare: ɗaya ko biyu?

Malama, kin tambaya ko littafi ɗaya zai ishi malamai, ɗalibai da iyaye a sakandarenku. A ganina ki raba shi biyu. Na malamai daban, domin rajistar TRCN (hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa) da ladabtar da ma'aikaci ba ruwan ɗan aji ɗaya.

Na ɗalibai da iyaye shi ne mai wuyar. A nan rigima take: wayar hannu, makara, kuɗin makaranta da horo. Kada a tsaya ga "za a hukunta" kawai. A faɗi laifin, wanda zai yanke hukuncin, da inda uba zai kai kuka idan bai gamsu ba. Ki fara duba ƙa'idojin ma'aikatar ilimi ta jiharku kan bulala da korar ɗalibi, kada naku ya ci karo da su. A sa lokacin rajistar WAEC da NECO.

Kafin a kai maɗaba'a, a karanta shi a taron iyaye da malamai, da Hausa, don ba kowa ke jin Turanci ba. Sannan kowane uba ya sa hannu a shafin ƙarshe, ya dawo da shi ofis.