Me mutanen Maya suka sassaƙa a bangon ɗakunan bautarsu?

Tambaya: Malam, na ga hotunan tsoffin ɗakunan bauta na mutanen Maya na yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya, bangonsu cike da rubutun da aka sassaƙa a dutse. Addu'o'insu ne, ko littafin addininsu?

Amsa: Malam, da yawa daga cikin masana na farko ma haka suka zata. Sun ɗauka lissafin taurari ne da kalandar limamai kawai. Sai a 1960 wata mai bincike, Tatiana Proskouriakoff, ta lura da duwatsun tsohon garin Piedras Negras a Gwatamala, ta ga kwanakin da ke jikinsu sun yi daidai da tsawon ran ɗan adam: ga ranar haihuwa, ga ranar hawa gadon sarauta, ga ranar mutuwa. Ashe labarin sarakuna ne.

Mu ɗauki Falenke, wani tsohon garin Maya a jihar Ciyafas ta Meziko. Akwai wani gini a can da ake kira Ɗakin Rubuce-rubuce, saboda manyan alluna uku na dutse masu alamomi 617. Sarkin da ya sa aka fara shi, Pakal, ya hau mulki a shekara ta 615 Miladiyya yana ɗan shekara 12, ya rasu a 683. Ya gaji gari mai rauni, don mayaƙan Kalakmul, wani garin Maya, sun far masa a 599 da kuma 611, sannan sarautar ta ɓangaren mahaifiyarsa ta zo masa. Mai irin wannan asali yana buƙatar hujja. Shi ya sa allunan suka jero sarakunan da suka gabace shi da hidimar da aka yi wa allolin garin, har suka hango gaba, suka ambaci zagayowar ranar naɗinsa a shekara ta 4772. Wannan wuri yakan tsayar da ni duk lokacin da na karanta: mutum yana neman a tuna da shi bayan shekara dubu huɗu.

A 1952 wani mai binciken kayan tarihi, Alberto Ruz, ya gama kwashe tarkacen da aka cushe wani ɓoyayyen matakala da shi a cikin ginin, ya iske kabarin Pakal a ƙasa, fuskarsa rufe da koren dutse mai daraja. Ɗakin bauta ne, kabari ne kuma.

Addini bai fita daga ciki ba, don a wurinsu sarki ne ke tsakanin jama'a da allolinsu. A Yashcilan, wani garin Maya, a saman wata ƙofa, an sassaƙa sarauniya Shok a durƙushe tana jan igiya mai ƙaya ta cikin harshenta, jini na sauka kan takardu a kwando, mijinta na tsaye riƙe da wutar jiniya a kanta. Rubutun gefe ya ba da ranar, a shekara ta 709. Wasu rubuce-rubucen kuma na bikin buɗe ginin ne, sukan ce wuta ta shiga ɗakin, wato an turara shi.

Talaka kuwa da wuya ya hau har saman dogayen gine-ginen da ɗakunan suke kai ya karanta. Ɗakunan ƙanana ne, masu duhu, kuma tsiraru ne suka iya karatu. Littattafansu na addini da lissafin taurari a takardar ɓawon itace suke. Limamin coci Diego de Landa ya ƙona da dama a garin Mani a 1562, kuma huɗu kacal suka rage a duniya yau.