Allo na ɗaukewa bayan sabunta direban NVIDIA

Malam, ka ce tun da ka sabunta direban NVIDIA, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin hoto (na'urar da ke fitar da hoto a allo) na kamfanin NVIDIA, da ka buɗe wasa ko manhajar tace bidiyo sai allon ya yi baƙi, wani lokaci ya koma shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE da nvlddmkm.sys. Wannan nvlddmkm.sys ɗin fayil ne na direban NVIDIA. Windows kan ba katin hoto daƙiƙa 2 ya amsa. In ya yi shiru sai ta sake tayar da direban, in hakan ya gagara sai kwamfutar ta faɗi.

Don Allah kada ka yi gaggawar sake sa Windows. Shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ka buɗe katin a Display adapters, ka je shafin Driver, ka danna Roll Back Driver don komawa tsohon direban. In maɓallin a dushe yake, to sauko da manhajar DDU (Display Driver Uninstaller, mai goge direban katin hoto gaba ɗaya) da tsohon direban da ka san yana aiki lafiya. Cire intanet tukuna, domin in ka bari Windows za ta ɗora maka nata direban kafin ka ankara. Kunna kwamfutar a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ka goge direban gaba ɗaya da DDU, sannan ka sa tsohon. In laftof ce, na fi yarda da direban da ke shafin kamfanin da ya ƙera ta.

In har ta ci gaba da faɗuwa, wataƙila zafi ne: sa hannu a inda iska ke fitowa daga kwamfutar. Ka ji fanka na kuka amma iska ba ta fitowa sosai, to ƙura ta toshe ta, musamman bayan hunturu. A buɗe a share, a sake duba zafin katin da manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan katin hoto.