Yadda ake gane jerin littattafan karatun soja mai inganci

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gane ko jerin littattafan da ake ba hafsoshi su karanta yana da inganci, ko kuwa tarin sunaye ne kawai.

Abin da nake fara dubawa shi ne ko an raba shi bisa muƙami. Da Janar Alfred Gray ya fito da jerin karatu na rundunar Marine ta Amurka a 1989, haka ya yi: na kofur daban, na kanar daban. Laftanan da ke riƙe da sojoji talatin yana buƙatar littafin da zai nuna masa yadda tsoro da yunwa da rashin barci ke gurɓata tunanin mutum a fagen daga. In ka ɗora masa littafin Clausewitz, Bajamushen masanin dabarun yaƙi, na 1832 tun ranar farko, shafi goma zai buɗe ya ajiye. Irin wannan littafi sai hafsa ya kai kwalejin manyan hafsoshi, irin ta Jaji.

Sannan ka duba ko akwai labarin shan kashi a ciki. Jerin Amurka da ya cika da Yaƙin Duniya na Biyu amma ya tsallake yaƙin Biyetnam, wallahi ba na yarda da shi, domin kuskuren magabata ne ke ceton ran soja.

A ƙarƙashin kowane littafi kuma ya kamata a ga layi biyu ko uku masu bayyana dalilin zaɓensa. Ka kuma tambaya yaushe aka sabunta jerin, kuma ko kwamanda yana zama da yaransa su tattauna abin da suka karanta.