An ce lafiyata ƙalau, amma jikina bai yarda ba: ko unguwa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 41, 'ya'yana biyar. Bara haya ta fi ƙarfin maigida, muka bar gidan da muka shekara 12 a ciki, muka koma wata unguwa a bayan gari a nan Kano. Tun daga nan jikina ba daɗi: kasala, ciwon kai, ga rashin barci. Sau biyu ina zuwa asibiti, an auna jini, an duba suga da maleriya, an ce ba komai. Yayata ta ce raki ne. Shin unguwa tana iya sa mutum ya ji ba shi da lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba raki ba ne, kuma ki daina jin kunyar faɗin sa.

Mu masu aikin lafiyar al'umma muna da wata tambaya da muke yi wa mutane, wadda ba ta bukatar allura ko na'ura: "Yaya kake ganin lafiyarka, ƙalau ce, da dama-dama, ko ba daɗi?" A 1997 wasu masu bincike biyu, Idler da Benyamini, sun tattara bincike 27 da aka yi a kan wannan tambaya. Kusan duka sun nuna cewa waɗanda suka ce ba sa jin daɗin jikinsu sun fi saurin mutuwa a shekarun da suka biyo baya, ko bayan an yi la'akari da cututtukan da likita ya riga ya gano musu. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Ina so ki san cewa mai jiki yana jin abin da takardar gwaji ba ta kai gare shi ba tukuna. A wurinmu ma maganar ta fi nauyi, domin Bahaushe ko a gadon asibiti ka tambaye shi yaya jiki, "da sauƙi" zai ce. Duk ranar da mace ta buɗi baki ta ce mini "Likita, jikina ba daɗi," na san abin ya daɗe yana cin ta.

Yawanci halin mutum na kansa shi ke ɗaukar kaso mafi girma: shekaru, abin hannu, ilimi, ciwon da yake ɗauke da shi, da nauyin da ke kansa. Ke ga haihuwa biyar, ga ƙuncin da ya tashe ku daga gida. Wannan kaɗai ya isa ya hana barci.

Amma unguwa tana ƙara nata. An daɗe ana gardama a kan haka, wasu na cewa ai talauci ne ke kai mutum irin wannan unguwa, don haka laifin na talauci ne. A 1994 gwamnatin Amurka ta fara wani gwaji a birane biyar, ciki har da Chicago da New York, da iyalai kusan 4,600 daga unguwannin talakawa. Ƙuri'a aka jefa, wasu suka samu tallafin haya don komawa unguwar da ta fi sauƙin talauci. Bayan shekara 10 zuwa 15, abin da suke samu bai wani canza ba, amma matan da suka samu damar tashi sun fi ƙarancin ciwon suga da muguwar ƙiba, kuma sun fi cewa hankalinsu a kwance yake.

Yanzu ki dubi inda kike. Idan janaretan maƙwabci yana ruri a bayan tagarki har tsakar dare, barcinki a tsittsinke yake ko ba ki farka sarai ba. Idan ana ƙwacen waya a layinku, duk sanda ɗanki ya wuce magariba bai dawo ba gabanki faɗuwa yake, kuma jikin da ke cikin fargaba kullum yana sakin sinadaran da ke ɗaga bugun zuciya da jini. Ga kwata da sauro, ga hayaƙin ƙona bola.

Abin da na fi zargi a wasiƙarki kuwa shi ne shekara 12 ɗin nan da kika bari a baya. A can kina da wadda za ki leƙa ta katanga ki ce ta duba miki yara, da wadda kuke adashi, da wadda za ta aiko da kunu in ta ji shiru ba ki fito ba. A nan ba wanda ya san sunanki. Kaɗaici yana fitowa a jiki, sau da yawa a matsayin kasala da ciwon kai, kuma ba ya bayyana a gwajin jini.

Duk da haka kada a ɗora wa unguwa komai a rufe magana. Ki koma asibiti ki nemi a duba ƙarancin jini da aikin thyroid (ƙwayar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo), a kuma sake auna hawan jini a ranaku daban-daban, domin awo ɗaya ba ya isa. Ki gaya wa likita yadda al'adarki take yanzu. Ki ba shi labarin tashin nan yadda kika ba ni, kuma in kina yawan kuka, ko abubuwan da kike so a da sun fita ranki, ki faɗa ƙarara. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani.

Abu ɗaya ba ya jira: idan ciwon kan ya fi tsanani da asuba, yana zuwa da jiri ko tashin zuciya, yara ma suna kuka da shi, kuma yana sauƙi in kin fita waje, ki duba ko akwai janareta ko gawayi kusa da ɗakin kwana. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. A fitar da su fili yau, nesa da taga.

Sauran kuma a hankali. Ki shiga Islamiyyar matan unguwar, ki je suna ko gaisuwa ko da ba ki san masu gidan sosai ba, ki ware rana a wata ki ziyarci tsofaffin maƙwabtanki. Ki riƙa rubuta sa'o'in barcinki da lokacin da kan ke sarawa har mako biyu, ki tafi wa likita da takardar.