Caji ba igiya: me ke sa waya zafi, kuma ina fasahar ta dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne, ina jigilar masu Umara tsakanin Jidda, Makka da Madina. Na sayi cajar mota irin wadda ake ɗora waya a kanta ba tare da an soka igiya ba. Da rana sai wayar ta ɗau zafi, cajin ya tsaya a wajen kashi 80. Cajar ce ba ta da kyau? Sannan da gaske ne nan gaba za a riƙa tura wuta gida-gida ta iska?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa cajarka lafiyarta ƙalau. A cikin faifan cajar, inda kake ɗora wayar, akwai naɗin siririyar tagulla, akwai wani irinsa a bayan wayarka. Wutar da ke kai da komowa a naɗin faifan, sama da sau dubu 100 a daƙiƙa, tana haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya tayar da wuta a naɗin wayar. Tamkar taransfoma ce aka raba gida biyu, kuma tun 1831 Michael Faraday ya gano wannan. Sai dai ƙarfin ba ya nisa, 'yan milimita ne kawai. Da zarar naɗin biyu sun goce wa juna, ko rigar wayar ta yi kauri, wani kaso na wutar ba ya isa batir, zafi yake komawa.

To haɗa wannan da ranar Hijaz (yankin Makka da Madina) da ke shigowa ta gilashin gaba, ga taswira a kunne, ga hasken allo a ƙure. Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma idan batir ya yi zafi manhajar tana iya tsayar da caji a kashi 80. Kare batir take yi, don zafi ne ke saurin tsufar da shi.

Ka mayar da mariƙin wayar bakin iskar esi. Cire riga mai kauri, musamman mai zoben ƙarfe ko farantin ƙarfen da ake liƙawa a baya. Kada ka bar tsabar kuɗi, katin banki ko katin ɗakin otal tsakanin waya da faifai: ƙarfe yana ɗaukar zafi, katin kuma yana iya lalacewa. Duba kan cajar da ke jone da mota ma, domin faifan wat 15 yana buƙatar kai mai bayar da aƙalla wat 20. In za ka sake saye, nemi mai tambarin Qi2, in wayarka na karɓa. Tsarin ya fito a 2023, yana da zoben maganaɗisu da ke daidaita naɗin biyu, dabarar da aka ɗauko daga MagSafe na iPhone 12. A doguwar tafiya irin ta Madina da tsakar rana kuwa, shawararmu ka soka igiya kawai.

Batun tura wuta ta iska tsohon buri ne. Nikola Tesla ya fara gina hasumiyar Wardenclyffe a Amurka a 1901, kuɗi suka yanke, aka rushe ta a 1917. A 2007 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga nisan mita 2, amma kusan kashi 40 na wutar ne ya isa. Nan gizo ke saƙa: nisa na ƙaruwa, asara na ƙaruwa. Don a yi nisa sosai dole a tattara wutar ta zama siririn zare na mikrowef ko leza. An gwada a tashar Goldstone ta Amurka a 1975, inda aka karɓi sama da kilowat 30 daga nisan kilomita 1.5, kuma a 2023 jami'ar Caltech ta Amurka ta gwada turowa daga tauraron ɗan Adam. Abin yana aiki, amma eriyoyin manya ne, ga tsada, ga batun lafiyar duk abin da ya gitta zaren. Igiyar tagulla ko ta alminiyom ta fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ba mu ganin za a sauke turakun wuta nan kusa.

Inda ake ci gaba da gaske a kusa-kusa ne: buroshin haƙori, agogon hannu, na'urorin da ake dasa wa marasa lafiya a jiki, da mutum-mutumin ɗakunan ajiyar kaya. Wanda ya fi shafar sana'arka shi ne na motar lantarki. A 2020 aka fitar da ƙa'idar SAE J2954: faifai a ƙasa, wani a ƙarƙashin mota, ƙarfi har kilowat 11. Ka yi fakin a kansa daidai, caji ya fara. Birnin Gumi na Koriya ta Kudu ya gwada bas masu ɗaukar caji daga titi tun 2013, sai dai binne naɗin tagulla a kwalta aiki ne mai cin kuɗi, don haka tashoshin bas da layin jiran tasi ne suka fi dacewa da shi.