Shin Rage Haraji a Amurka Ya Amfani Magidanci Mai Matsakaicin Samu?

Tambaya: Malam, kullum muna jin 'yan siyasar Amurka suna jayayya a kan rage haraji, wasu na cewa an sauƙaƙa wa iyalai, wasu kuma na cewa attajirai aka yi wa gata. Magidanci mai matsakaicin samu riba ya ci ko asara ya yi?

Amsa: Na gode da wannan tambaya. Zan ɗora amsar a kan dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a watan Disamba na 2017, domin ita ce tushen wannan jayayya.

Gaskiya ne cewa yawancin iyalai sun ga sauƙi. Dokar ta ɗaga adadin kuɗin shigar da ba a karɓar haraji a kansa daga dala 12,700 zuwa dala 24,000 ga ma'aurata, ta kuma ninka rangwamen da ake yi wa iyaye saboda kowane yaro daga dala 1,000 zuwa dala 2,000, ko da yake ta soke wani tsohon tsari da ke cire dala 4,050 daga kuɗin shigar da ake karɓar haraji a kansa saboda kowane mutum a cikin gida. Cibiyar nazarin haraji ta Tax Policy Center ta ƙiyasta cewa kusan kashi 65 cikin 100 na masu biyan haraji sun samu ragi a 2018, kuma iyali mai matsakaicin samu ya tsira da kusan dala 1,000 a shekara.

Sai dai ba a yi rabon daidai ba. Harajin kamfanoni ya sauka daga kashi 35 zuwa kashi 21, kuma mafi yawan hannayen jarin kamfanoni suna hannun masu wadata, shi ya sa kashi ɗaya cikin 100 da suka fi kowa samu suka tsira da kusan dala 50,000 kowannensu a matsakaici. Fadar White House ta yi alkawarin cewa ragin zai ƙara wa iyali aƙalla dala 4,000 ta hanyar ƙarin albashi, amma binciken da ya biyo baya bai nuna ƙari mai kama da haka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake cike giɓin da ragin harajin ya bari a kasafin gwamnati. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisar Dokoki ya ƙiyasta cewa dokar za ta ƙara giɓin kasafi da kusan dala tiriliyan 1.9 cikin shekara goma, kuma bashi, komai daɗewa, sai an biya shi. Da aka zo mayar da ragin na dindindin a wata sabuwar doka ta 4 ga Yuli, 2025, sai aka haɗa da zaftare kuɗin Medicaid, wato inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, da na tallafin abinci na SNAP. Ma'aikacin da albashinsa bai kai a karɓi harajin kuɗin shiga mai yawa daga gare shi ba, ragin bai ƙara masa abin kirki ba, alhali rasa inshorar lafiya na iya cinye abin da ya tara a jinya ɗaya. Ga kuma kuɗin fito da aka ɗora wa kayan waje, wanda wani ɓangarensa ke komawa kan mai saye a kanti.

A nawa ganin, magidanci mai matsakaicin samu ya ci 'yar riba a takardar harajinsa, attajiri ya ci babba, wanda ke ƙasa kuwa, kamar yadda ofishin kasafin ya lissafa game da dokar 2025, abin da aka janye masa ya fi abin da aka ba shi.