Ina so in mayar da Magana Jari Ce fim, ta ina zan fara?

Malam, tambayarka ta faranta mini rai. Ka ce kana son yaran yau su ga littafin a allo, amma yawan labaransa ya sa ka rasa bakin zaren.

Fara da izini. Abubakar Imam, marubucin littafin, ya rasu a 1981, kuma dokar Najeriya tana kare haƙƙin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa. Ka tuntuɓi kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya, mai buga littafin, da iyalan marigayin, ka kuma nemi lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka ya rubuta muku yarjejeniya kafin ka kashe ko sisi.

Kada ka ce sai ka cusa littattafan uku cikin fim guda. Ni dai da zan ba ka shawara, ka tsaya kan na ɗaya, inda aku ke riƙe Musa, ɗan sarki, da hira don kada ya fita daga fada. Ka zaɓi labari uku ko huɗu, amma kullum ka riƙa dawo da mu ɗakin nan: Musa ya ɗaura ɗamara, ƙafarsa ɗaya a bakin ƙofa, aku ya jefo masa magana, ya tsaya cak. Nan zuciyar fim ɗin take.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne su bar mai ba da labari yana ta zuba. Abin da ido zai gani, kada baki ya maimaita shi. Karin maganar Imam kuwa ka bar su yadda suke, yara za su gane daga abin da ke faruwa.

Akun nan zai ci kuɗi, don haka ka zauna da masu zanen katun tun kafin ka gama rubutu.